Yaron da ke bakin ƙyaure: masu zanen barkwanci da ƙasashe 'yan ba-ruwanmu a yaƙe-yaƙen duniya

Ranar 12 ga Agusta, 1914, kwana takwas da shigar Birtaniya Yaƙin Duniya na Farko, mujallar Punch ta Landan ta fito da wani zane na F. H. Townsend. Wani ɗan yaro ne ɗan ƙauye, ya tsaya ƙyam a bakin ƙyauren gona, riƙe da 'yar sanda. A jikin ƙyauren an rubuta cewa nan ba hanya. A gabansa ga wani ƙaton dattijo ya ɗaga kulki, da lofensa, jerin naman nan na Jamusawa da ake ɗurawa a hanji yana reto daga aljihunsa. Yaron bai kai ƙirjin mutumin ba, amma bai ja da baya ba. A ƙasan zanen aka jinjina wa Beljiyam.

Duk wanda ya ga zanen a ranar ya san inda aka dosa. Tun 1839 manyan ƙasashen Turai, har da Furushiya wadda daga baya ta zama ƙashin bayan Jamus, suka sa hannu a Landan cewa Beljiyam za ta zauna ba ruwanta da faɗan kowa, kuma ba wanda zai taɓa ta. Da Jamus ta nemi hanya ta cikinta don ta faɗa wa Faransa, sai Beljiyam ta ƙi. Shugaban gwamnatin Jamus, Bethmann Hollweg, ya ce wa jakadan Birtaniya yaya za a yi yaƙi saboda guntun takarda, kuma wannan kalma ta bi Jamus har ƙarshen yaƙin.

Abin da ya daɗe yana tsaya mini a rai shi ne wannan: ɗaya daga cikin zane-zanen farko da suka yi suna a yaƙin, yabon ƙasa 'yar ba-ruwanmu ne. Amma kafin shekara ta zagayo, jaridun da suka buga irinsa sun koma yi wa sauran 'yan ba-ruwanmu ba'a, ana zana su a matsayin matsorata, ko 'yan kasuwa masu haɗama, ko masu cin tudu biyu. Holan ba ta yi wani abu dabam da abin da Beljiyam ta so yi ba. Ita ma zaman lafiyarta ta nema. Bambancin kawai, an mamaye ɗaya, an bar ɗaya. Wadda aka zubar da jininta ta zama jaruma, wadda ta tsira ta zama abar zargi.

Kafin a ga laifin kowa, ya kamata a san abin da doka ta ce. A taron Hague na 1907 an tsara haƙƙoƙi da wajibai na ƙasar da ta tsame hannunta daga yaƙi. Ba a keta ƙasarta, ba a ratsa ta da soja. Ita kuma ba za ta bai wa wani ɓangare sansani ba, kuma sojan da ya tsallako cikinta za ta tsare shi. Amma dokar ta faɗa ƙarara cewa ba dole ba ne gwamnati ta hana 'yan kasuwarta sayar wa masu yaƙi kaya, ko da makamai ne. In ta ga dama ta hana, to ta hana wa kowa daidai. Ke nan cinikin da masu zane suka riƙa nunawa kamar cin amana, a takarda halal ne.

Matsalar ita ce an rubuta dokar ne da tunanin gajeren yaƙi tsakanin rundunoni. Wanda ya zo a 1914 na masana'antu ne da cikin mutane. Birtaniya ta datse teku don ta hana Jamus abinci da kayan aiki, Jamus ta saki jiragenta masu nutso don ta yi wa Birtaniya haka. A irin wannan yaƙi buhun alkama ma makami ne. Uwar da ɗanta ke cikin ramin yaƙi a Faransa, in aka ce mata wata ƙasa na sayar wa abokan gaba man shanu da dankali, ba za ta tsaya tambayar sashe na nawa na yarjejeniyar Hague ya yarda da hakan ba. Wannan zafin zuciya shi mai zane ke ɗauka ya ba shi fuska.

Dole kuwa sai ya ba shi fuska, don sana'ar ke nan. Mai zane ba ya iya zana ƙasa mai mutum miliyan shida da majalisa da jam'iyyu masu jayayya da juna. Mutum ɗaya zai zana. Da zarar ƙasa ta koma mutum ɗaya, sai siyasarta ta koma hali. Ƙasar da ke lissafin kwal ɗin da zai kai ta ƙarshen hunturu sai ta zama tsohon ɗan kasuwa mai ƙirga kuɗi. Wadda ke jinkiri saboda kan jama'arta a rabe yake sai ta zama budurwa mai yaudarar samari biyu. Da mutum ya kalli zanen, hukunci ya riga ya faɗo masa kafin ya yi tunani.

A kan Amurka aka fi ganin wannan, domin ita ta sha duka daga ɓangarori biyu a lokaci guda. A Agustan 1914 Shugaba Woodrow Wilson ya roƙi Amurkawa su zama marasa ɗaukar ɓangare a tunani da aiki. Ranar 7 ga Mayu, 1915, jirgin Jamus mai nutso ya nutsar da Lusitania kusa da gaɓar Ailan, kusan mutum 1,200 suka mutu, 128 daga cikinsu Amurkawa. Bayan kwana uku Wilson ya yi jawabi a Philadelphia, ya ce akwai girman da mutum zai kai har ya fi ƙarfin yin faɗa. Daga nan ya shiga aika wa Berlin takardun ƙorafi ɗaya bayan ɗaya. A Landan masu zane suka yi masa caa. Punch ta zana shi da gaggafar Amurka yana murnar ya mai da ita kurciya. Ga mai karatu a Ingila, Wilson malamin makaranta ne da ke ta rubutu yayin da ake kashe mutanensa.

A Jamus kuwa, mujallu irin su Simplicissimus ta Munich da Kladderadatsch ta Berlin wani Ba'amurken dabam suka gani. Nasu Kawu Sam, mutumin da ake zanawa a madadin Amurka, munafuki ne mai addu'ar zaman lafiya da baki, hannu kuma na miƙa wa Ingila harsasai yana karɓar zinariya. Suna da abin kafa hujja. A Oktoban 1914 Wilson ya ware rana guda ta addu'ar zaman lafiya. A 1915 bankin J. P. Morgan ya jagoranci bashin dala miliyan 500 ga Birtaniya da Faransa. Kayan da Amurka ke sayar wa ƙasashen ƙawance, wato Birtaniya da Faransa da abokansu, ya tashi daga wajen dala miliyan 800 a 1914 zuwa sama da biliyan 3 a 1916, na Jamus kuma ya kusan ƙafewa ƙaf saboda an toshe teku. Amurka na cewa kasuwarta a buɗe take ga kowa, laifinta ne in jiragen Jamus ba su iya isowa? Bajamushe na cewa harsashin da ya kashe ɗansa a Amurka aka ƙera shi.

In ka ajiye zanen Landan da na Berlin gefe da gefe, kamar ba ƙasa ɗaya suke magana a kai ba. Ɗaya ya ga matsoraci, ɗaya ya ga abokin gaba da ya ɓoye fuska. Kowanne ya riƙe wani yanki na gaskiya, kuma kowanne ya zana abin da ƙasarsa ke bukata daga Amurka ne a lokacin.

To amma Amurka babba ce, ga teku tsakaninta da wuta. Ba'a ba ta rage ta da komai ba. Inda abin ya fi ban tausayi shi ne Holan, kuma a nan nake so in ɗan daɗe.

A dubi taswira. Gabas da Holan Jamus ce, kudu kuma Beljiyam da sojan Jamus ya cika. Yamma teku ce da jiragen yaƙin Birtaniya ke iko da ita. Kwal ɗin da za ta kunna masana'antu da ɗumama gidaje daga Jamus yake zuwa. Hatsin da za ta ci ta teku yake zuwa, sai Birtaniya ta yarda. Gaba kura, baya siyaki. A Nuwamban 1914 'yan kasuwar ƙasar suka kafa wani kamfanin amana, wanda aikinsa ya ba Birtaniya tabbacin cewa kayan da aka bari suka shigo ba za su zarce Jamus ba. Duk da haka abincin da Holan ta noma da kanta ya yi ta kwarara gabas, fasa-ƙwauri ya zama sana'ar mutanen kan iyaka, wasu suka yi kuɗi dare ɗaya. Wannan gaskiya ne, su kansu masu zanen Holan sun caccaki waɗannan sababbin attajirai. Hoton da ya zauna a idon Ingila ke nan: Baholande mai ƙiba, ya bar ƙofar baya a buɗe.

Ga abin da hoton bai ɗauka ba. Da Antwerp ta faɗi a Oktoban 1914, kimanin 'yan gudun hijirar Beljiyam miliyan guda suka tsallaka Holan, ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan shida da 'yan kai ba, aka karɓe su. A Yulin 1917 matan Amsterdam suka fito kan titi saboda rashin dankali, soja ya buɗe wuta, mutum 9 suka mutu. A shekarar nan Birtaniya ta hana Holan amfani da wayoyin tangarahonta na ƙarƙashin teku, saboda Holan ta bar Jamus na wucewa da yashi da tsakuwa ta magudanan ruwanta. A Maris na 1918 Amurka da Birtaniya suka ƙwace jiragen kasuwancin Holan fiye da 100 da ke tashoshinsu. Nan take Jamus ta taso da nata buƙatun, har aka kai bakin yaƙi. Ƙasar da ake zanawa tana ƙiba da jinin wasu, rabon burodi ake yi a cikinta da kati.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Yaron nan na bakin ƙyaure, bayan an ture shi an wuce, wa ya ciyar da shi? Beljiyam ƙasa ce da ke sayo mafi yawan hatsinta daga waje. Jamus ta ce ba nauyinta ba ne, Birtaniya ta ce ba za ta buɗe teku abinci ya faɗa hannun sojan mamaya ba. Hukumar agajin da Ba'amurke Herbert Hoover ya jagoranta ce ta shiga tsakani, ta riƙa sauke hatsi a tashar Rotterdam, ana ɗaukarsa a kwale-kwale ta magudanan ruwa zuwa ga mutane wajen miliyan tara a Beljiyam da arewacin Faransa. Hakan ya yiwu ne kawai don Amurka da Holan da Sifaniya ba sa cikin yaƙin, ɓangarorin biyu na iya yarda da su. Da Amurka ta shiga yaƙi a 1917, wakilan Holan da Sifaniya suka ci gaba da sa ido kan rabon. Da a ce duk 'yan ba-ruwanmu sun amsa kiran masu zane sun ɗau bindiga tun 1914, da ba a sami ƙofar da abincin zai bi ba.

Abin mamaki, mai zanen da ya fi kowa tashe a wannan yaƙi ɗan Holan ne. Louis Raemaekers, haifaffen Roermond a 1869, mahaifiyarsa Bajamushiya, yana aiki da jaridar De Telegraaf ta Amsterdam. Shi a ganinsa, bayan abin da aka yi wa Beljiyam, shiru ma laifi ne. Ya riƙa zana Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu tare da Mutuwa ko Shaiɗan, da matan Beljiyam a kan gawawwakin 'ya'yansu. Jamus ta kai ƙara, gwamnatin Holan ta ja kunnen jaridar, aka ƙwace wasu zane-zanen. A ƙarshen 1915 har an tsare editan jaridar, Schröder, bisa zargin jefa matsayin ƙasar cikin haɗari. A daidai lokacin Raemaekers ya koma Landan, aka baje kolin ayyukansa, aka karɓe shi hannu bibbiyu.

Me ya sa Birtaniya ta rungume shi haka, alhali tana da nata gwanaye? Saboda fasfonsa. In Baturen Ingila ya zana Bajamushe a matsayin dodo, kowa zai ce ai abokin gaba ne. In ɗan ƙasar da ba ta cikin faɗan ya zana, sai ya zama shaida. Ofishin farfagandar gwamnati na asiri da ke Wellington House ya tattara zane-zanensa, aka fassara bayanansu cikin harsuna 18, aka watsa a duniya, musamman a ƙasashen da ba su shiga yaƙi ba. An yi ta yaɗa cewa Jamus ta sa tukuicin kuɗin Holan 12,000 a kansa, labarin da masu bincike daga baya ba su sami takardar da ta tabbatar da shi ba, amma ya ƙara masa farin jini. A 1917 ya zaga Amurka. Ban ɗauki Raemaekers a matsayin ɗan amshin shata ba. Sojan Jamus ya kashe dubban fararen hula a Beljiyam a 1914, ya ƙona ɗakin karatun jami'ar Louvain, fushin mutumin na gaske ne. Sai dai labarinsa ya nuna cewa masu yaƙi sun san darajar ɗan ba-ruwanmu sarai. Suna zaginsa a shafi ɗaya, suna neman shaidarsa a shafi na gaba.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a ɗauki waɗannan zane-zane a matsayin raha ta gefen jarida. Wani reshe ne na diflomasiyya. Jakada ba zai iya ce wa sarki matsoraci a fuskarsa ba, amma jarida na iya zana shi haka, kuma a ofishin jakadancin ƙasarsa za a yanke shafin a aika gida.

Girka ta ga haka. Sarki Constantine yana auren 'yar'uwar Sarkin Jamus, yana son ƙasarsa ta zauna gefe. Firayim Ministansa Venizelos yana son a bi ƙasashen ƙawance. Jaridun Landan da Faris suka mai da sarkin mijin-ta-ce, bawan surukinsa. Zarginsu ba a banza yake ba, don a Mayun 1916 gwamnatinsa ta miƙa wa Bulgeriya ganuwar Rupel ba tare da faɗa ba. Amma a duba abin da ƙasashen ƙawancen suka yi wa ƙasar da har lokacin ba ta shiga yaƙi ba. Sun sauke soja a Salonika a Oktoban 1915, sun mamaye tsibirin Corfu, sun shiga Atina da makamai a Disamban 1916 har aka yi musayar wuta, sun datse tashoshin ruwanta har yunwa ta kama talakawa, a Yunin 1917 kuma suka tilasta wa sarkin barin gado. Laifi tudu ne. Waɗanda suka shiga yaƙi da sunan kare ƙaramar ƙasa 'yar ba-ruwanmu, su ne suka yi wannan, kuma yaron da suka zana a bakin ƙyauren Beljiyam ba su ga irinsa a Girka ba. Romaniya kuwa, da aka yi ta zawarcinta har ta amsa a Agustan 1916, kafin ƙarshen shekarar babban birninta Bucharest ya faɗa hannun Jamus.

Da na tsaya a nan, da na yi wa masu zane rashin adalci, don akwai lokutan da idonsu ya riga na jakadu ganin gaskiya. David Low, ɗan New Zealand da ke zane a jaridar Evening Standard ta Landan, ya dami gwamnatin Hitler har ministan farfagandarta Goebbels ya kai kuka wurin Lord Halifax, minista a gwamnatin Birtaniya, a 1937, shi kuma da ya dawo Landan ya nemi Low ya sassauta. Ranar 20 ga Satumba, 1939, Low ya zana Hitler da Stalin sun haɗu a fagen yaƙi, kowanne ya cire hula ya rusuna wa ɗan'uwansa cikin ladabi irin na fada, suna gaisawa da zagin da suka saba yi wa juna, gawar Poland na kwance a tsakaninsu. A lokacin Tarayyar Sobiyet na cewa ita ba ta cikin yaƙin. Ɓoyayyen sashen yarjejeniyarta da Jamus, wanda aka raba gabashin Turai a cikinsa, sai a 1989 Mosko ta amsa cewa akwai shi. Low bai ga takardar ba, amma ya zana ta.

Haka nan zargin da aka yi wa Siwidin da Suwizalan a Yaƙin Duniya na Biyu, tarihi ya gaskata da yawa daga cikinsa. Tamar Siwidin da boris ɗin injunanta sun ciyar da masana'antun yaƙin Jamus. Daga 1940 zuwa 1943 jiragen ƙasanta sun yi jigilar sojojin Jamus masu zuwa hutu tsakanin Norwe da gida, tafiye-tafiye sama da miliyan biyu, a Yunin 1941 kuma ta bar runduna guda da makamanta ta ratsa zuwa Finland. Gwamnati ta riƙa ƙwace jaridun da suka soki Hitler da zafi. A 1941 Bertil Almqvist ya zana wata damisa mai ratsin shuɗi da rawaya, launin tutar ƙasar, don gargaɗin jama'a su kame bakinsu saboda 'yan leƙen asiri. A harshensu kalmar damisa da kalmar yin shiru ɗaya ce. Daga baya su kansu 'yan ƙasar suka riƙa karanta zanen da wata ma'ana: ƙasar da ta gani ta yi gum. Suwizalan kuma babban bankinta ya sayi zinariyar kusan faran (kuɗin Suwizalan) biliyan 1.2 daga babban bankin Jamus, ciki har da wadda aka wawuro daga ƙasashen da aka mamaye. A Agustan 1942 ta rufe iyaka ga Yahudawa masu gudun mutuwa. Kwamitin Bergier da majalisarta ta kafa, wanda ya kammala aiki a 2002, ya kawo shaidar mayar da mutum sama da 24,000 a tsawon yaƙin. A nan hujjar taswira ba ta wanke kowa. Tsoron mamaya na iya bayyana sayar da tama, amma bai isa ya bayyana mayar da iyali hannun masu kisa ba.

Duk da haka a cikin Suwizalan ɗin ne Carl Böckli ya yi shekaru yana caccakar 'yan Nazi da masu lallaɓa su a mujallar Nebelspalter, wadda Jamus ta haramta tun 1933. Siwidin ɗin ce kuma ta karɓi Yahudawan Denmark sama da 7,000 a Oktoban 1943. Mutum ɗaya da mai zanen waje ya zana bai taɓa wakiltar kowa da kowa ba.

Hatsarin wannan sana'a ya fi fitowa fili a hannun Theodor Geisel, wanda aka fi sani da Dr. Seuss, lokacin da yake zane a jaridar PM ta New York. Kafin Amurka ta shiga yaƙi ya tasa masu cewa ba ruwan Amurka a gaba, yana zana su jiminu da kai cikin rairayi. Ranar 1 ga Oktoba, 1941, ya zana wata mata sanye da rigar America First, ƙungiyar masu adawa da shigar Amurka yaƙi, tana karanta wa yara biyu tatsuniyar kyarkeci Adolf. Tana murmushi tana cewa kyarkecin ya tauna yara ya tofar da ƙasusuwansu, amma ai 'ya'yan baƙi ne, don haka ba komai. Idanun yaran a zazzare. Ban san wani zane da ya fi wannan tona asirin rashin tausayin da kan ɓuya a bayan kalmar ba ruwana ba. Amma hannun nan ne, ranar 13 ga Fabrairu, 1942, ya zana dogon layin Amurkawa 'yan asalin Japan a gaɓar yammacin ƙasar, duk fuska iri ɗaya, kowa na karɓar dunƙulen nakiya, suna jiran umarni daga gida. Bayan kwana shida Shugaba Roosevelt ya sa hannu kan umarnin da ya kai ga tsare kimanin mutum 120,000 a sansanoni, akasarinsu 'yan ƙasa haifaffu. Idon da ya saba neman maci amana a bayan duk wanda bai bayyana ɓangarensa ba, ba ya tsayawa a kan gwamnatoci.

Hoton da ya fi kowanne daɗewa game da 'yan ba-ruwanmu kuwa, da baki aka zana shi. Ranar 20 ga Janairu, 1940, Winston Churchill, yana ministan sojan ruwan Birtaniya, ya yi magana a rediyo kan ƙananan ƙasashen Turai. Ya ce kowaccensu na fatan in ta ciyar da kada sosai, kadan zai cinye ta a ƙarshe. Maganar ta ɓata wa ƙasashen rai ƙwarai. Game da kadan, Churchill ya yi gaskiya. Abin da maganar ta tsallake shi ne me za su samu in sun daina ciyar da shi. Chekoslobakiya an miƙa yankinta a Munich a 1938. Poland an yi mata alkawarin taimako, ta faɗi cikin makonni ba tare da an kawo mata ɗauki na a zo a gani ba. Ministan ƙaramar ƙasa da ya ga wannan, in ya zaɓi ya mai da faɗan da ya fi ƙarfinsa wasa, da wuya in kira shi matsoraci.

Kuma ba kada kaɗai ke cikin ruwan ba. A Fabrairun 1940 jirgin yaƙin Birtaniya ya shiga ruwan Norwe ya ƙwato fursunoni 299 daga jirgin Jamus Altmark. Ranar 8 ga Afrilu Birtaniya ta dasa nakiyoyi a ruwan Norwe, washegari Jamus, wadda jiragenta sun riga sun taso, ta mamaye Norwe da Denmark. Ko a nan kusa da mu an yi irin haka. A daren 14 ga Janairu, 1942, wasu sojojin Birtaniya da suka taso daga Legas da jiragen ja guda biyu na gwamnatin mulkin mallakar Najeriya suka shiga tashar Santa Isabel, Malabo ta yau, a tsibirin Fernando Po na Sifaniya 'yar ba-ruwanmu. An shagaltar da hafsoshin jiragen da liyafa a gari, aka yanke sarƙoƙi, aka janye jirgin Italiya Duchessa d'Aosta da wasu ƙananan jiragen Jamus biyu. Sifaniya ta ce fashin teku ne, Landan ta ce a tsakiyar teku ta tsince su. Sifaniyar da Janar Franco ke mulki ba mai tsarki ba ce, a lokacin tana da runduna a fagen yaƙin Rasha tare da Jamus. Amma ƙyauren da aka haura a daren, irin wanda yaron Townsend ke tsare ne.

Holan ta sake gwada abin da ya cece ta a yaƙin farko. A Satumban 1939 ta ce ba ruwanta, ta ƙi shiga ƙawancen soja da Birtaniya da Faransa don kada ta ba Hitler dalili. Da asubahin 10 ga Mayu, 1940, sojan Jamus ya tsallako ba tare da shelar yaƙi ba. Ranar 14 ga wata jiragen sama suka yi wa tsakiyar Rotterdam ruwan bama-bamai, birnin da hatsin Beljiyam ya bi shekara 25 da suka wuce. Mutum wajen 800 zuwa 900 suka mutu, kusan 80,000 suka rasa matsuguni, washegari rundunar ƙasar ta ajiye makamai. Sarauniya Wilhelmina ta riga ta isa Landan, inda aka tarbe ta a matsayin ƙawa. Raemaekers, wanda ya haura shekara 70, ya tsere zuwa Amurka a shekarar, ƙasar da ita ma a lokacin ke cewa ba ruwanta.